Ku Riƙe Dubu Hamsin Ɗinku, Ku Ɗauke Mana Shinge



Ni ba marubuci ba ne. Albasa nake sayarwa, sai ɗan limancin da nake riƙe wa mutanen layinmu idan babban liman ya yi tafiya ko jiki ya motsa masa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne rubutun da wani ɗanmu ya yi a fitowar da ta wuce, inda ya ce gwamnati ta buɗe ƙofofin tallafi ga masu ƙananan sana'o'i amma iyayensa 'yan kasuwa sun ƙi shiga, wai duhun kai da ƙyuyar cike fom ne suka hana mu ci gaba. Na san yaron, na san mahaifinsa, ni na raɗa wa ƙanensa suna. Ba don ya ci mana fuska ya rubuta ba, kishi ne. Amma kishin da bai san hanya ba ɓata yake ƙara wa mutum. Saboda haka, ɗana, matso kusa, yau babanka zai yi maka lissafi irin namu na bakin rumfa.

Mu fara da abin da aka bayar, don kada a ce mun yi butulci. A 2018 aka zo da TraderMoni. Naira 10,000 ake ba mutum bashi, ba jingina, ya biya cikin wata shida, in ya biya a ƙara masa. Mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, da ƙafarsa ya riƙa zaga kasuwanni ana rabawa. Ba zan yi ƙarya ba, mai suyar ƙosai da mai tallan gyaɗa, dubu goma ta wancan lokacin ta ɗan ɗaga musu faranti. Sai dai abin ya zo ne ana saura 'yan watanni zaɓen 2019. 'Yan adawa suka ce sayen ƙuri'a ne, gwamnati ta ce sam ba haka ba ne. Ni ban shiga tsakaninsu ba. Abin da na sani dai, mai neman aure shi ne yake yawan zuwa gaida surukai, in an ɗaura kuma sai a neme shi a rasa.

Da korona ta zo a 2020 aka ware naira biliyan 75 don masu ƙananan sana'o'i, har aka ce za a yi wa kasuwanci 250,000 rajistar suna kyauta. Bayan an cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, Shugaba Tinubu ya yi jawabi a ƙarshen watan Yuli ya ce za a ba masu ƙananan sana'o'i miliyan ɗaya kyautar naira 50,000 kowanne, sannan a ba wasu 100,000 bashin da ya kama daga naira 500,000 zuwa miliyan ɗaya, da kuɗin ruwa kashi 9 cikin ɗari a shekara. Waɗannan su ne ƙofofin da kake magana a kansu, ɗana. Na san su. Kada ka ɗauka don muna zaune kan buhu ba ma sauraren rediyo.

To ɗauko wayarka ka buga. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan. Raba miliyan ɗaya gida 774, kowace ƙaramar hukuma ba ta kai mutum 1,300 ba. Yanzu ka tsaya a bakin kasuwar Sasa da hantsi, ka ƙirga masu tura baro da masu tsintar tumatir da masu sayar da ruwa da masu ɗinkin buhu, ka gaya mini ko Sasa kaɗai ba za ta cinye kason ƙaramar hukumar Akinyele ba, kafin a zo ga Moniya da Ojoo da ƙauyuka. Hukumar SMEDAN da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, a nasu binciken, sun ce ƙananan sana'o'i da matsakaita a Najeriya sun kusa miliyan 40. Wato mutum ɗaya cikin arba'in ke nan zai samu. Da na yi wannan lissafi sai da na yi dariya ni kaɗai a rumfa, don ɗaya cikin arba'in ai ƙa'idar zakkar kuɗi ce. Bambancin kawai, zakka ana fitar da ita duk shekara, kuma an san waɗanda suka cancanta. Wannan kuwa sau ɗaya ne, kuma sai wanda ya san wani wanda ya san wani. Mutum 39 da suka rage, su ma duhun kai ne ya hana su?

Amma a bar wannan. A ce ma kowa ya samu. A ce ni ɗin nan an turo mini dubu hamsin, na ji ƙarar alat a aljihu. Zo in hau da kai mota mu ga inda za ta ƙare.

Kayana daga Aliero suke tasowa, jihar Kebbi. Mota za ta bi Jega, Koko, Yawuri, ta shiga jihar Neja ta Kontagora, ta gangaro Mokwa, ta haye gadar Jebba, ta ratsa Ilori, Ogbomosho, Oyo, sannan Badun. Jihohi huɗu. Tun ina saurayi nake bin wannan hanya a saman buhuna, yanzu ƙafa ta yi nauyi sai dai in tura yaro. Kafin motar nan ta bar inda aka yi lodi an yanki kuɗin lodi, an yanki na ƙungiya, an yanki na ƙaramar hukuma. Wannan ba mu ƙi ba, garin mutane ka ɗauki kaya. Abin da yake biyo baya shi ne bala'in. Ka wuce masu kaki kala kaza, ka tarar da masu kaki kala kaza. Ka wuce su, ka tarar da waɗanda ba su da kaki sai riga mai ƙyalli da katako mai ƙusoshi da suke jawowa tsakiyar titi da igiya. Wannan ya ce kuɗin amfanin gona. Wancan ya ce sitikar jiharsu ba ta jikin gilashi. Na gaba ya ce sitikar tana nan amma ta bara ce. Wani ya ce kuɗin muhalli, wani ya ce kuɗin rediyon mota, wani ma ba ya wahalar da kansa da suna, hannu kawai yake miƙowa da gora a ɗaya hannun. Ka nuna rasit ɗin da aka ba ka a baya, a ce wannan na can ne, nan ƙasa daban. Wani rasit ɗin in ka duba shi da kyau ko sunan hukuma babu, hoton tambari ne kawai da aka buga a shagon kwamfuta.

Direba ya ce zai yi gardama? Sai a ce faka a gefe. Kai kuma ka san abin da ke cikin motar. Mai albasa yana da ɗan sauƙi, ko da yake ita ma in ta kwana biyu a rufe cikin zafi sai ta fara gumi, ka zo ka tarar da ƙasan buhu ya zama ruwa. Mai tumatir kuwa kowace awa kuɗi ce. Masu katakon nan sun fi mu sanin haka. Ba motar siminti suke wa wannan cin kashin ba, don mai siminti zai iya kwana uku yana jayayya kayansa ba su canza ba. Mu da kayanmu suke ruɓewa, mu ne saniyar tatsa.

Ina da littafi da nake rubuta kuɗin hanya, tafiya bayan tafiya. Wallahi tallahi, ɗana, abin da mota ɗaya take zubarwa a shingaye tsakanin Aliero da Sasa, a tafiya ɗaya tak, ya ninka dubu hamsin ɗin nan da kake so in je in bi layi a kanta. Kuma ba tafiya ɗaya nake yi a shekara ba. To wane irin tallafi ne wannan, a ba ka da cokali sau ɗaya a rayuwarka, a riƙa kwashewa da shebur duk mako?

Kada kuma wani ya ce gwamnati ba ta sani ba. Tun 1998 aka yi doka a ƙasar nan, mai lamba 21, wadda ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta kuma hana kowa, har da hukumar haraji kanta, kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. Lokacin ko aure ban yi ba. Kwamitin gyaran haraji da aka kafa a 2023 ƙarƙashin Taiwo Oyedele, shi da bakinsa ya faɗa cewa harajin da ake karɓa a ƙasar nan sun haura iri 60. An sa hannu a kan sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, mun ji, mun yi fatan alheri. Amma yaron da yake riƙe da igiyar katako bai ji labari ba, kuma wanda yake aika masa da littafin tikiti ya karɓi nasa kason da yamma bai gaya masa ba. Ɗauke shingen nan ba ya buƙatar biliyan ko ɗaya. Ba ya buƙatar fom, ba ya buƙatar BVN, ba a tambayar ɗan wace jiha ne kai. Ranar da aka ɗauke shi, duk mai sana'a daga Sakkwato zuwa Ikko ya samu tallafi a lokaci guda, har wanda bai iya rubuta sunansa ba. Abin da ya sa ba a yi shi ne ba a ɗaukar hoto da shingen da babu shi. Ba a buga wa rashin shinge hula da riga mai hoton ɗan takara.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗin ciwo. Duk abin da aka karɓa a hanya, a kan buhu yake sauka. Wani kaso mu danne wa manomi a can, wani kaso mu ɗora wa mai saye a nan. Sai Iya ta zo da kwandonta da safe, ta ji farashi, ta riƙe baki ta ce, "Aboki, o ti won ju," wato ya yi tsada da yawa. Gaskiyarta. Amma ita ba ta ga mai katako ba, ni ta gani. A idonta Bahaushe ne ya tsauwala mata. Haka ake tara ƙullin zuciya kaɗan-kaɗan tsakanin mutanen da suka shekara ɗari suna ciniki tare, har ranar da ɗan ƙaramin abu zai kunna wuta.

Mun kuwa ga wutar. Ba sai na ba mutanen Sasa labarin Fabrairun 2021 ba. Daga 'yar hatsaniya a cikin kasuwa aka rasa rayuka, aka ƙone shaguna da gidaje, na Hausawa da na Yarabawa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye na gaba. Gwamna Makinde ya zo, gwamnonin Kano da Kebbi da Zamfara da Neja suka taso takanas suka zo jaje. Bayan nan ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta ƙasa ta tsayar da lodi zuwa kudu, kusan mako guda ba motar da ta gangaro, sai da aka zauna a Abuja aka janye a farkon Maris. Ka je ka binciki buƙatun da suka gabatar. Ba su ce a raba musu dubu goma-goma ba. Sun ce a kare rayukan mutanensu, a biya waɗanda suka yi asara, a ɗauke shingayen da ake tatsar su a hanya. Waɗannan su ne masu duhun kan naka. Tun a lokacin sun faɗi abin da yake damunsu da baki ɗaya, aka ce an ji.

A wannan gobarar ni ma na tashi da rigar jikina da carbi. Shekara ashirin da wani abu na tari, dare ɗaya. Ka san abin da ya mayar da ni kasuwa? Ba fom ba ne. Wani dattijo ne a can gida da muka daɗe muna hulɗa, mahaifina ma da mahaifinsa sun yi. Ya bugo waya ya yi mini jaje, bai ƙara komai ba. Bayan kwana tara sai ga direba yana nemana, wai an ce a sauke mini rabin mota, in na sayar in aiko. Ba takarda, ba mai tsaya mini, ba kashi kaza cikin ɗari. Na sayar na aika, ya sake aikowa. Sai da muka yi haka har na tsaya da ƙafata. Na san mutum fiye da goma a layinmu da irin wannan ta tayar.

Wannan ba sabon abu ba ne. Sabo tun 1916 take, kuma da amana aka gina ta. Mai shanu ya taso daga arewa ya sauka gidan maigidansa, maigida ya ba shi masauki da abinci, ya sa dillalansa su sayar wa mahautan gari bashi, in mahauci ya gudu maigida ya biya daga aljihunsa don sunansa. Goro ma haka yake tafiya arewa. Har wani Bature mai suna Abner Cohen ya zo ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960 yana nazarin wannan tsari, ya fitar da littafi a kansa a 1969. Wani ɗalibin Jami'ar Badun da yake salla a bayana ne ya ba ni labari. Wato Turawa sun zo koyon yadda kakanninka suke juya dukiya mai yawa ba banki ba lauya, kai kuma ka tashi kana ce musu ba su san harkar jari ba. Haba ɗana.

Abin da wannan tsari yake buƙata a wurin gwamnati ɗaya ne: kada a taka shi. To an taka. Ka tuna canjin kuɗi. A ƙarshen 2022 Babban Banki ya sauya takardun 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin ƙarshen Janairun 2023, aka ƙara kwana goma, tsofaffin aka kwashe, sababbin babu su. Mai saye ya zo ba tsaba a hannunsa. Ya ce zai yi tiransifa, sabis ya ɗauke. In ma ta shigo, manomin da zan biya a ƙauye ba shi da asusu, kuɗi yake so ya gani ya ƙirga. Muka koma sayen naira da naira a wurin masu POS. Tumatir ya riƙa ruɓewa a gaban masu shi, ana zubarwa da kwando. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a farkon Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki, sannan aka fara numfashi. Jarin da ƙananan 'yan kasuwa suka rasa a waɗannan makonni, wa ya ƙirga shi? Wane tallafi ne ya mayar da shi? Wata uku bayan nan aka cire tallafin fetur, man gas kuwa da manyan motoci suke sha dama tun 2022 ya yi sama. Mutum ya kwaɗa maka sanda a ƙeya, sannan ya miƙo maka Panadol ƙwaya ɗaya ya ce ka yi masa godiya a gaban kyamara.

Sai maganar bashin kashi 9. A nan zan sa rawanina in yi magana. Na yarda kashi 9 ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan abin da bankunan kasuwa suke karɓa, wanda yake kai wa kusan kashi 30. Amma kuɗin ruwa kuɗin ruwa ne, ƙanƙantarsa ba ta canza masa suna. Akwai dubban mutanenmu, har da Musulmin Yarabawa maƙwabtanmu, da ba za su taɓa shi ba ko za su kwana da yunwa. Kai kana kiran wannan rashin wayewa, su kuma suna kiransa tsoron Allah, kuma ba su nemi izininka ba. Tambayata ita ce, gwamnati ba ta san wata hanya ba ne? Ta sani sarai. Bankin Jaiz yana aiki tun 2012, TAJ ya zo a 2019, Lotus a 2021, duk da lasisin Babban Banki. Tsarin a bayyane yake: banki ya sayi kayan ya sayar maka da ribar da kuka yi yarjejeniya a kanta tun farko, ko ku haɗa jari ku raba riba da asara. Abin da ya fi ba ni haushi, ita kanta gwamnatin tarayya tun 2017 take sayar da sukuk, ta fara da naira biliyan 100, tana gina tituna da kuɗin, ga allunan nan a bakin hanya kowa yana gani. Wato in ita ce take neman kuɗin Musulmi ta san yadda ake yi ba ruwa. In Musulmi ne yake neman nata, sai a ce ga fom, kashi 9, in ba ka so ka matsa. Duk shirin da za a yi, tun ranar farko a buɗe masa taga ta biyu ta waɗannan bankuna, a sanar da ita da ƙarfi kamar yadda ake sanar da ta farko, da Hausa da Yarabanci, a rediyo. Ba a ɓoye ta a shafi na arba'in na wata takarda da Turanci ba.

Kuma kada ka ce ban taɓa gwadawa ba. Na gwada. Akwai wani shiri da aka yi shela, ba zan kama suna ba, na sa babbar riga na tafi ofishinsu da katin ɗan ƙasa da hotuna da rasit ɗin rumfa na shekara da shekaru. Yarinyar da ke kan tebur ta karɓe ni da mutunci, ba zan zalunce ta ba. Ta duba ta duba, ta ce, Baba, saura takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Na ce 'yata, a Sabo aka haife ni, a nan aka yanke mini cibiya, mahaifina a nan aka binne shi. Ta ce ta sani, amma haka tsarin yake, in je jiharmu. Shekarar da na je can garin kakannina neman wani abu makamancin wannan, sai wani yaro ya dube ni ya ce, ai ku 'yan Badun ne, ku nema a can. Jemage ke nan, tsuntsaye sun ce ba nasu ba ne, dabbobi sun ce ba nasu ba ne. Amma ranar karɓar kuɗin rumfa da na shara da na tsaro, ba wanda ya taɓa tambayata takardar asali. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa. Kuma don adalci, abin da ake mana a nan shi ake wa Bayarabe da Inyamurin da aka haifa a Sabon Garin Kano. Duk zalunci ne, can da nan. Wanda yake biyan haraji a wuri, a nan ya kamata a tallafe shi.

Ba zan ɓata tawada a kan taron "ƙarfafa matasa" da 'yan siyasa suke yi mana ba, inda ake jera baro goma da injin markaɗe biyar a gaban mutum dubu, a kashe kuɗin rumfa da makaɗa da abincin manyan baƙi fiye da kuɗin kayan. Wanda ya samu injin ma, ina wutar da zai kunna shi?

Yanzu kuma in juyo gida, don limamin da yake faɗa wa na waje gaskiya ya ƙyale sahun gaba ba limami ba ne. Ɗana, a nan kana da gaskiya, ko da yake ba ta inda ka zata ba. Akwai mutanenmu, muna salla tare, da suka mayar da kowane shirin gwamnati gonarsu. Su ne masu zuwa da takarda su ce kawo dubu biyu a sa sunanka. In jerin ya fito, ka ga matansa da 'ya'yansa da surukinsa da wani ma da ya rasu bara. Ku ji tsoron Allah. Haƙƙin mai tura baro kuke ci, kuma zai tsaya da ku ranar da ba shugaban ƙungiya. Akwai kuma waɗanda suka karɓi bashin gwamnati da niyyar ba za su biya ba, wai ai kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne, rabonsu ne na man fetur. Wa ya ba ku wannan fatawa? Abin da aka ce maka bashi ne ka sa hannu a kan bashi ne, bashi ne, ko daga hannun wa ya fito. Kai ka ci, an rufe ƙofa ga na bayanka, an kuma samu abin faɗa a kanmu gaba ɗaya.

Sai rashin rubutu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu. Mun haddace ta tun muna yara a Islamiyya, amma mutum yana juya miliyoyi lissafinsa duk a ka yake, ranar da ya faɗi magada su kama rigima da abokan hulɗa. Amanar da na yaba ɗazu ba ta hana rubutu ba, shi yake tsare ta. In da kowannenmu yana da littafi irin nawa, da yau ba da baki za mu je gaban hukuma ba. Haka rajistar zaɓe. Muna zaune a nan shekara hamsin, amma lokacin zaɓe ya zo sai mu cika motoci mu tafi arewa, wasu don tsoro, wasu don can katinsu yake. To ɗan majalisar nan da shugaban ƙaramar hukumar nan don me zai damu da kasuwarka ba ruwan famfo, ba motar kashe gobara kusa, ba rumbun ajiya mai iska da albasa za ta yi wata biyu ba ta ruɓe ba? Ya ƙirga ya ga ba ka cikin lissafinsa. Waɗannan abubuwa su ne tallafin da ɗan kasuwa ba zai iya yi wa kansa ba, su ne aikin hukuma. Jari kuwa mun san inda muke samo shi tun kafin a haifi SMEDAN a 2003.

Ban ce kada kowa ya cike fom ba. Wanda ya ga kyauta ce ba bashi mai ruwa ba, ya nema, haƙƙinsa ne, kuma kada ya ba kowa ko sisi don a sa sunansa. Yaranmu masu ilmi su taimaka wa iyaye mata da zawarawa su cike, don Allah ba don lada ba. Abin da na ƙi shi ne a mayar da mu mabarata masu godiya, a ce an yi mana komai saura mu ne muka ƙi, alhali hannun da yake miƙo mana ɗin shi ne yake cikin aljihunmu.

Na yi magana da wasu dattawan 'yan albasa da 'yan tumatir da 'yan wake, mun tsayar da shawara. Daga wannan wata, duk motar da ta sauke kaya, direba da yaron kaya su kawo duk wani tikiti da rasit da aka ba su a hanya, komai ƙanƙantarsa, ko ya yage ko ya jiƙe. Inda aka karɓa ba a ba da takarda ba, a faɗi garin da adadin, a rubuta. Za mu tara na wata uku, mu haɗa da 'yan'uwanmu Yarabawa masu sarin kaya, don su ma abin yana cin su, mu kai wa shugabannin kasuwa da 'yan majalisarmu na nan da na can gida. Muna buƙatar wanda zai shigar da su kwamfuta ya jera su gari-gari, don mu hannunmu ya fi sabawa da igiyar buhu. Ɗana, ka ce kana da kwamfuta kuma ka iya Turanci. Ina rumfata kullum bayan la'asar, ban da Juma'a. Ka zo da ita, ka zo da caja, wutar sai mun roƙi mai shagon kusa.

Wassalamu alaikum.